Rasuwar Goggo, Na'urar Bin Sawun Gauraki

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har ta daina jin nauyinsa, ni Barau na Ɗanzomo nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Goggo, na'urar da nake bin sawun gauraki da ita. Ta cika ranar Talata da hantsi a bakin wani tafki gabas da Maigatari, tana rataye a wuyana.

Shekara tara ke nan da wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta ɗaura wa gauraki bakwai zobe mai aika sauti, ta damƙa mini na'urar don in riƙa lura da su. Kafin nan rabon da a ga gauraka a yankinmu, tun ina yaro. Maiɗakina Lauratu ce ta raɗa mata Goggo, wai don ba ta magana sai da dalili.

Duk bazara, idan gaurakin suka taso neman inda ruwa ya rage, sai mu hau babur mu bi su, daga Gagarawa Tasha har bakin iyaka. Marigayiya ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. In suna nesa, ta ce ƙit, ta yi shiru, ta sake cewa ƙit. In mun matso, sai ƙit-ƙit-ƙit, har ƙirjina ya ɗauka. Ta sha rana, ta faɗa rijiya sau ɗaya ta fito da ranta. A kunnenta bakwai suka koma biyar, biyar suka koma biyu. Bara masu kama tsuntsaye suka ɗauke namijin, aka bar mace guda mai ɗingishi.

Wannan macen muke bi da ciwon ajalin Goggo ya zo. Kwana uku muryar Goggo tana dushewa. Na sauya batir, na goge mata baki, na lulluɓe ta da rawanina saboda zafi. Ranar Talata ta ce ƙit sau ɗaya, a hankali, ba ta ƙara ba.

Na tambayi Hamma, makiyayin da ke shayar da shanu a wurin, ko ya ga tsuntsuwar.

"Shekaranjiya dai na ji kukanta, Malam," in ji shi. "Jiya ban ji ba."

Na kai Goggo wurin Ilu mai gyara a Gumel. Ya buɗe cikinta, ya daɗe yana dubawa, ya mayar da murfin.

"Yaya Barau, sai haƙuri. Irinta ma an daina yi."

Na ce ya gaya mini ko ita ta fara yin shiru, ko zoben tsuntsuwar. Ya ce wannan Allah kaɗai ya sani. Na dawo gida na ci tuwo. Lauratu ta ce in yi kuka in zai zo, bai zo ba.

Ta rasu ta bar eriya mai lanƙwasasshen hannu, da abin sawa a kunne wanda ɓari ɗaya kawai yake ji, da jakar da Lauratu ta ɗinka mata. Sai ni.

Za a kai ta makwancinta ranar Asabar bayan la'asar, a gindin tsamiyar da ke bakin tafkin. Ba za a yi zaman makoki ba, kada kowa ya wahalar da kansa da abinci. Wanda zai halarta ya kashe babur tun daga kan hanya, ya ƙaraso da ƙafa, ya yi ƙasa da murya, ko da akwai wani abu tsaye a bakin ruwan.