Rasuwar Ɗanbaƙi, Keken da Anka Yi wa Wanka a Teku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da sunka daɗe ba su ci komai ba, ni Iyatu, matar marigayi Malam Jelani ta nan Gawon Nama, nake sanar da dangi da maƙwabta da abokan arziki, har da waɗanda ba mu gaisawa, rasuwar kekenmu Ɗanbaƙi. Ya cika ranar Talata da hantsi a bakin titi, kusa da Ƙofar Taramniya, ƙarƙashin Salisu mai albasa da buhunsa, bayan doguwar jinyar da ya ɗauko daga bakin teku.

Marigayin ya girmi kowa a gidanga in ban da ni. Malam ya sayo shi shekarar da na haifi ɗana Ladan, kuma tsakanin su biyun, Allah ya san wanda ya fi jin magana. Baƙi ne wuluk, dogo, mai faɗin kariya, mai sirdin fata wanda ya ɗauki siffar mazaunin Malam bai kuma sake ta ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya kai hatsi niƙa. Ya kai ragon suna. Ya kai ni asibiti ina naƙuda, ina bisa kariya ina zagin Malam da danginsa, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ba mai yawan surutu ba ne, maganarsa uku ce. In yana tahe, madigadinsa na cewa kwas-kwas-kwas. In an matsa birki sai ya ce ƙiiiii, tsayawa kuwa sai ya ga dama. Ta ukun ƙararrawa ce: ƙirrin-ƙirrin. Malam kan kaɗa ta daga kwanar masallaci, ni kuma in saki hirar da nake yi ta bisa katanga in ruga bakin murhu, ya iske ni ina fifita wuta kamar tun safe nake nan. Aurenmu ya zauna lafiya albarkacin wagga ƙararrawa.

Bayan Malam ya riga mu gidan gaskiya, gwiwoyina sunka yi min yaji. Daga ɗaki zuwa zaure sai na huta a hanya. Biki ya gagare ni, suna ya gagare ni, har leƙen katanga ya gagare ni. A nan ne Ɗanbaƙi ya nuna halinsa na ƙwarai. Na sa anka jingine shi a zaure, na ce duk mai buƙata a unguwa ya zo ya ara. Ban taɓa karɓar ko kwabo ba, ni ba 'yar haya ba ce. Sharaɗina ɗaya ne: in ka dawo da shi, ka shigo ka zauna bisa tabarma ka faɗa min abin da ka gani da abin da ka ji. Wanda ya kawo labari mai maiƙo, gobe shi ne farkon layi. Wanda ya ce wai lafiya lau ya iske gari, gobe ya tahi da ƙafarsa ya ga lafiyar da kyau.

Da haka marigayin ya ciyar da ni shekara da shekaru. Ta dalilinsa na san alhajin da likita ya hana cin nama amma yake laɓewa bayan mai tsire yana cika kumatu. Ta dalilinsa na san amaryar da ke ƙona shinkafa ta aika a sayo ta gidan abinci ta juye cikin kularta, angon yana ta yabon hannunta a majalisa. Ba na fita, amma babu abin da ke motsi daga nan har Tudun Wada ban ji ƙararsa ba.

Ajalinsa ya faro ne daga wayar hannu. Ladan, wanda malamin makaranta ne kuma ya kai shekarun da ya kamata hankali ya zauna, ya ga wasu Turawa a waya suna zaga duniya bisa kekuna da ɗiyansu. Daga ranar bai sake barci mai kyau ba. Da dogon hutu ya zo, ya tara iyalinsa ya ce za su taka keke daga Sakkwato har inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara. Ya sayo sababbin kekuna uku masu launin alawa: ɗaya na matarsa Kausar, ɗaya na Nabila, ɗaya na Gazali, jikokina. Sai anka duba anka ga babu mai wurin ɗaura kaya a cikinsu, ko buta ba za su iya ɗauka ba. Shi ne ya zo ya durƙusa gabana yana Inna kaza Inna kaza, wai a ba shi aron keken babansa.

Na ba shi bisa sharaɗin kowa, don ɗa ba ya fin unguwa. Na ce tunda tafiyar mai nisa ce, labarin ma ya zama mai nauyi.

Ranar tashi unguwa ta cika. Anka ɗora wa dattijo tukunya, risho, tabarmi, famfo, kilishi, garin fura, gidan sauro, da Ladan kansa, wanda shi ma ba ƙaramin kaya ba ne. Kausar ta hau nata da hijabi har ƙasa da wando a ciki, matan layinmu sunka samu abin taunawa har damina ta fita. Marigayin ya ce ƙirrin-ƙirrin, ya ce kwas-kwas-kwas, ya sha kwana. Ban san ganin ƙarshe nake yi masa cikin ƙoshin lafiya ba.

Abin da ya faru a hanya, ba daga bakin Ladan na ji ba. Shi da ya dawo, abin da ya kawo min sunayen itatuwa ne da tsawon gadar Jabba. Wai ya ga kwakwa a bisa uwarta. To, sai me? Wa ya saki wa? Wa ya mari wa? Surukata Kausar, Allah ya yi mata albarka, ita ta biya hayar. Ta rufe ƙofa ta zauna ta zazzage min komai.

Daga Tambuwal zuwa Yawuri sun taka da gaske, Ɗanbaƙi na gaba, 'yan alawa na bin sa. Ruwan sama ya dake su, taɓo ya riƙe su, sauro ya yi walima da su. Kafin Kwantagora keken Gazali ya zubar da sarƙa, na Nabila ya yi faci har mai facin ya fara tambayar lafiyar mutanen gida. Dattijo kuwa ko tari bai yi ba. Kuma ina so jama'a su sani, tunda Ladan na faɗi a majalisa wai babu taƙin da ba su taka da ƙafarsu ba: daga Kwantagora zuwa Makwa bisa motar shanu sunka tahi, shi da iyalinsa da kekunan, wata saniya tana lasar masa ƙeya. A wani hawa bayan Ilori ya sauka ya zauna bakin hanya ya ce a kira masa Innarsa. Matarsa ce ta tura Ɗanbaƙi har bisa tudun. Ban faɗi don in kunyata shi ba, na faɗi ne don tarihin marigayi ya cika.

A ƙasar Yarbawa, in ji Kausar, marigayin ya yi farin jini. Tsofaffi na tare su a kasuwa suna shafa sirdinsa, suna cewa rabonsu da irinsa tun suna samari. Ya ci hanyar kurmi, inda rana ba ta taɓa ƙasa, gumi kuma ba ya bushewa. Ya ratsa Badun. Ya ratsa Ikko, inda motoci sunka yi masa ihu ya amsa musu da ƙirrin-ƙirrin cikin mutunci. Har sunka isa Badagiri, bakin teku.

To, a nan ne anka cuce shi, kuma da kyakkyawar niyya, irin cutar da ta fi zafi. Mu nan in abin hawa ya yi aiki ya gaji, gulbi ake kai shi a wanke, haka Malam ke yi masa a Kwalkwalawa duk jajibirin Salla. Ladan ya dubi ruwan da ba shi da ƙarshe, ya dubi keken babansa da taɓon ƙasa guda a jikinsa, ya ce wanga dattijo ya cancanci babban wanka. Ya tura shi cikin teku har wuya. Sunka sa soso da sabulu, yara na cuɗa taya, uban na cuɗa sarƙa, ana ɗaukar hoto. Wata mai sayar da kifi ta taso tana ɗaga hannu tana yi musu ihu da yarensu, Ladan ya ɗaga mata hannu shi ma yana godiya. Kekunan alawa ba a wanke su ba, wai ba su kai matsayin ba. Ga su nan da ransu.

Bai tsaya nan ba. Don kada ruwan sama ya taɓa shi a hanyar dawowa, ya naɗe shi cikin tamfol da jiƙonsa, ya ɗaure tam, anka jefa bisa mota. Ya kuma ɗaura masa jarkar ruwan teku a kariya, tsarabata, tana ɗiga a kansa tun daga can har tashar Sakkwato. Na ɗanɗana ruwan. Ko miyar maƙiyi ba a yi wa gishiri haka.

Da anka kwance shi, na ga baƙin nan ya koma ja kamar mai cin goro. Muryarsa ta canza. Kwas-kwas ta zama ƙarrr-ƙarrr, birki ya daina ko ƙiiiii ɗin, sai wani huci. Munka kira Istifanus mai walda, likitansa tun Malam na raye. Ya shafa masa baƙin mai, ya ƙwanƙwasa ƙashin bayansa ya kara kunne, ya girgiza kai. Ya ce gishiri ya shige cikin bututun, yana cin sa ta ciki, abin da ya rage addu'a ce. Ya kuma tambayi wanda ya yi wanga aiki. Ladan ya ce ana kiransa a waya.

Duk da haka marigayin bai kwanta ba. Ya ci gaba da fita yana kawo min abin da ya samu, yana tafiya a karkace. Ranar Talata Salisu mai albasa, mutumin da in ya zauna a benci sai na ɗaya gefen ya tashi sama, ya ara shi zuwa kasuwa. Waɗanda sunka halarta sun ce kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙwas. Ya rabu biyu. Tayar gaba ta nufi gabas ita kaɗai, Salisu ya zauna a ƙasa riƙe da kan keke, albasa ta bazu har tsakiyar titi. Labari mafi daɗi da Ɗanbaƙi ya taɓa samarwa ke nan, kuma bai rayu ya kawo min shi ba.

Ya rasu ya bar ni. Ya bar famfo guda wanda ba shi da sauran wanda zai hura. Ya bar kekunan alawa uku, marasa tarbiyya. Ya bar Ladan, wanda ke bin bango in zai wuce ɗakina. Ya bar masu aro da ba su ƙirguwa, waɗanda tun ranar ban ga ƙeyar ko ɗaya ba.

Wanga shi ne abin da ke ci na, kuma zan faɗe shi ba wasa. Tun da anka shigo da gawar, zauren nan ya yi tsit. Ladan ya jingine ɗaya daga cikin sababbin a wurin, babu wanda ya taɓa. Wa zai ari abin da ake tsoron ƙujewa, wanda ko ƙullin gishiri ba shi da inda za a ɗaura? An yi suna a gida na uku da namu, sai da anka cinye ragon na ji. Matar mai shagon kwana ta yi yaji ta dawo, ban san ta tahi ba. Ni Iyatu! Ina zaune daga safe har la'asar ina jin tafiyar mutane a waje, babu mai cewa salamu alaikum. Ashe keken kuke gaisarwa.

Game da jana'iza: na aika wa liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, ya ƙara da cewa in ji tsoron Allah. Na karɓi rabin farko. 'Yan gwangwan da ke zagaya gidan da kurarsu tun ranar Laraba, su sani ba za a ɗora shi a sikeli ba ina numfashi. Wanka kuwa an riga an yi masa wanda ya ishe shi.

Ranar Asabar da hantsi Istifanus zai zo da injinsa. Zai haɗa sirdi da kariya da abin da gishiri ya raga, ya yi kujera, a aje ta ƙofar ɗakina. Ladan ne zai riƙe masa ƙarfen cikin rana, ba hula. Ƙararrawa kuma, wadda ita kaɗai teku bai iya da ita ba, za a kafe ta a ƙofar zaure daidai hannun mai wucewa.

Za a fara karɓar gaisuwa daga ranar, kullum bayan la'asar. Babu sadakar uku, babu ta bakwai, babu ta arba'in, zaman makoki ne har ranar da na bi shi. Kada a kawo goro, ba ni da haƙoran. Kada a kawo hatsi. Kowa ya zo da abin da ya saba biya. Salisu mai albasa shi ne zai buɗe, ya faɗa min yadda anka yi tun daga farko, da abin da matan bakin titi sunka ce da wandonsa ya yage. Amma shi a tabarma zai zauna, kujerar nan marainiya ce.

Wanda ya zo, ya kaɗa sau biyu kamar yadda Malam ke yi, ya shigo. Wanda ya kaɗa ya wuce, na san tafiyar kowa a unguwarga, kuma ina da labarinsa a ajiye. In kun shigo ku zauna ta dama. Kunnen nan ne mai ji.