Tiwa a Laccar Baba Mutunci

Kafin a haifi Farfesa Gbadebo Alabede, mutanen Ibadan suna da mutunci, sai dai ba su san daga inda ya fito ba. Haka suka yi ta zama cikin duhu, suna gaida manya, suna ciyar da baƙo, suna binne matattunsu, ba tare da wani littafi ya ba su izini ba. Sai Allah ya ji tausayinsu ya aiko musu da Farfesa.

Ya yi karatu a ƙasashen sanyi, ya dawo da digiri a kan darajar ɗan Adam. Ɗalibai suka laƙaba masa Baba Mutunci. Ya ji, bai hana ba, ya dai nemi a riƙa sa “Farfesa” a gaba. Shi ya kafa Cibiyar Nazarin Mutunci da Ɗa'ar Likitanci, shi ne shugabanta, shi ne kuma ya fara karɓar lambar yabon da take bayarwa. Da shekara ta zagayo aka duba aka rasa wanda ya cancanta, sai aka sake ba shi.

“Kowane rai daidai yake da kowane rai,” in ji shi a kullum. “Sarki da mai gyaran takalmi, ma'auninsu ɗaya.” Duk wanda ya taɓa shiga ofishinsa ya ga wannan daidaito da idonsa. Daga babban malami har masinja kowa a tsaye yake, domin kujera ɗaya ce a ɗakin.

A wani asibiti kuma shi ke jagorantar kwamitin da ke zaɓen wanda za a ɗora a kan na'urar wankin ƙoda, idan marasa lafiya sun fi na'urori yawa. Aiki ne mai nauyi, Farfesa ba ya wasa da shi. Ya kafa doka cewa kwamiti ba zai zauna ba sai yana nan, don kada a yi wa adalci garaje.

Morounkeji Oyelakin, wadda kowa ke kira Mama Tiwa, mai harhaɗa magunguna ce. 'Yarta Tiwalade tana cikin masu jiran na'urar a makon da Farfesa ya tafi Turai gabatar da takarda a kan haƙƙin talaka na a duba shi da wuri. Takardar ta sha tafi. Da ya dawo kwamiti ya zauna, ya amince da sunan Tiwa babu gardama. Ta riga ta rasu.

'Yan'uwan mijinta ne suka binne ta. Ita da Baba Tiwa suka zauna a gida kamar yadda iyaye ke yi a al'adarsu: ba su ga gawa ba, ba su san maƙabartar ba, ba kuma za su taɓa tambaya ba. Sunan kaɗai ya rage a jikinsu. Har mai sayar mata da barkono a kasuwa, Mama Tiwa take ce mata.

Wata rana abokiyar aikinta ta nuna mata wani abu a waya. Ga Farfesa a kan mumbari a wata ƙasa, ga fuskar Tiwa a allo a bayansa. “Tiwalade tawa,” yake cewa, muryarsa tana rawa. Ta nemo sauran laccocin ta kalla. A kowace ƙasa, a kan jimla ɗaya yake tsayawa ya ciro hankici. Bai taɓa ganin yarinyar da rai ba.

Ta je ofishinsa, ta durƙusa.

“Baba, barkanku da aiki. Na zo ne a kan Tiwa.”

“A'a, 'yata, tashi, tashi! Ba sai kin gode ba.”

Ta tashi ta tsaya kamar kowa.

“Ba godiya ba ce, Baba, roƙo ne. A cire sunanta da hotonta daga laccarku. Ba a tambaye mu ba.”

“Madalla! Kin taɓo tushen magana. Yardar mai abu! Babi guda na rubuta a kai.” Ya zaro littafinsa, ya sa hannu, ya miƙa mata. “Ki karanta, za ki fahimci abin da kike ji.”

“Na san abin da nake ji, Baba.”

“Kina jin sa, 'yata, amma ba ki san shi ba. Shi ya sa aka yi jami'a. Ranar Alhamis ina laccar ban kwana, na ajiye miki wuri a sahun gaba. Tiwalade yanzu ba taki ba ce ke kaɗai. Ta ilimi ce.”

Mama Tiwa ta yanke shawarar zuwa. Abin da aka ƙi ji a ofis, za ta maimaita shi a gaban jama'a idan lokacin tambayoyi ya yi. Baba Tiwa ya ce shi kam a bar shi, idan ya je 'yan sanda ne za su rako shi gida. Yayarsa, Anti Debisi, ta ce ita za ta je.

“Na ji ana raba shinkafa da kaza. Kuma ke matarmu, maganarki kamar ta mai karanta takardar magani. Idan bai ji taki ba, zai ji tawa.”

Ɗakin taro ya cika. Gabatar da Farfesa kawai ya ci lokacin da za a iya tuƙa amala a cinye, a wanke tukunya. Sannan ya miƙe.

“Masanan Turai suna ta gardama,” in ji shi. “Shin hukuma ce ke ba mutum daraja, ko da ita aka haife shi? Na ce musu, ku zo Ibadan! Mu ba ma jiran majalisa ta yi mana doka. A wurinmu uwa ba ta ganin kabarin ɗanta. Me ya sa? Domin kakanninmu sun san ba a halicci idon uwa don wannan ba. Da na faɗi haka, wata farfesa ta yi kuka har tabaranta ya faɗi ƙasa.”

Aka yi tafi. Ya bari tafin ya gaji don kansa.

“Ga mahaifiyar Tiwalade tawa nan zaune, ku dube ta.” Aka dube ta. “Kuma don ku san mutunci a wurina ba a takarda ya tsaya ba, na bincika inda aka kwantar da yarinyar nan, na je da ƙafata. Ga shaida.”

Ya danna madannin da ke hannunsa, hoto ya fito a allo.

Ɗakin ya ɗauki salati da kiran Yesu a lokaci guda. Mata suka ɗora hannu a ka. Wani tsohon malamin tarihi ya miƙe yana buga sanda: “Gbadebo, ka haukace? Kashe abin nan!” Anti Debisi ta fizge gwaggwaronta ta rufa wa Mama Tiwa a fuska, tana cewa, “Kada ki duba, matarmu, kada ki duba! Kai kuma Allah ya isa, mai ilimin banza!” Farfesa ya shiga danne-danne. Duk dannawa hoton ƙara girma yake yi. Daga ƙarshe wani ya zare waya daga bango.

Amma gwaggwaron ya makara. Mama Tiwa ta riga ta duba. Abin da ba za ta faɗa wa kowa ba shi ne, ba da gangan idonta ya tafi ba, ba kuma da gangan ya ƙi dawowa ba. Tun ranar da aka fita da yarinyar take tsoron wannan wuri, take kuma neman sa.

Aka kai ta wani ƙaramin ɗaki a bayan mumbari. Shugaban jami'a ya shigo, da tsohon malamin tarihi, da Farfesa a bayansu, hularsa ta karkace, gumi har wuya. A karon farko a rayuwarsa ya yi tambayar da bai san amsarta ba.

“'Yata… kin gani?”

“Na duba, Baba. Ba zan yi ƙarya ba, na duba da kyau.”

Ta ci gaba.

“Ban ga kabari ba. Ban ga dutse ba, ban ga rubutu ba, ban ga ko ƙasar wurin ba. Daga wannan gefen allo zuwa wancan, ku ne, da babbar rigarku a baje, da furanni a hannu. Sai ɗan sararin sama a saman hularku.”

Tsohon malamin ya sauke ajiyar zuciya. Anti Debisi ta ɗaga hannu sama.

“Allah ya yi wa telanku albarka, Baba! Ya ƙara masa yadi!”

Mama Tiwa ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa kamar yadda ta yi a ofis.

“Tunda ko a kan kabarinta ba ta samu wuri ba, Baba, a sallame ta daga laccar ma. Ba kwa bukatarta. Ku kaɗai kun cika ta.”

Farfesa ya juya maganar, ya auna ta, ya ga bai taɓa jin yabo mai kyau irin wannan ba. Ya gyara hula, ya dubi shugaban jami'a.

“Kun ji? Matar nan ta karanta littafina. An gama, 'yata. Na amince.”

Aka cire sunan Tiwa da hotonta. Farfesa ya ci gaba da yawo da laccarsa ƙasa ƙasa, yana ciro hankici a daidai inda ya saba. Har yau babu wanda ya lura an rage wani abu.