Baballe a Ƙarƙashin Gadar Ojota

"Sannu da hanya, bawan gidanmu. Ikko ta gaji da kai ta amayo ka?"

Indo ce ta faɗa, tana zaune a ƙofar gida tana yanka tumatir za ta shanya. Baballe taubashinta ne, uwarsa da ubanta ciki ɗaya, shi da ita yanzu furfura ta gama da su. Ya bi motar tumatir daga Bunkure zuwa Ikko, ita kuwa ta ba shi ƙullin yaji da daddawa ya kai wa 'yarta Baraka, wadda ta haihu a unguwar Ketu a can. Haihuwar ta zo da gardama, kuma tun ranar hankalin Indo bai kwanta ba.

Baballe ya ja turmi ya zauna. "Yawwa, kifin rijiya. Ba ni ruwa, na zo daga inda mota ke tafiya a kan mota."

"An ce ka ɓata."

"Wa ya ce?"

"Mijin Baraka ya bugo wayar mai shago. Ya ce ka wuni a ƙarƙashin gada kamar jemage."

"Shi ya ɓatar da ni. Cewa ya yi in na sauke kaya a kasuwar Mil Sha Biyu, in hau motar Ojota in jira shi a ƙarƙashin gada. Ni na ɗauka gadar kamar ta kanal ɗinmu ce, guda ɗaya, akuya ma ta san ta. Sai na tarar da gada ta haifi gada. Wannan ta nufi Ibadan, wannan Ikorodu, wannan ta lanƙwasa ta dawo tana cizon wutsiyarta."

"Matambayi ba ya ɓata. Bakinka ɗinke shi aka yi?"

"Na tambaya. Wani ya nuna mini tashar mota, wani ya nuna mini wata bola mai hayaƙi wadda ta fi dutsen Dala. Na ce to, ga gadon Indo nan, sai ta zo ta karɓa."

"Bawa ba ya raba gado. Sai ka yi yaya?"

"Na tsallaka titi."

"Da waɗannan ƙafafun?"

"Motoci suka tsaya cak don girmana."

"An ce wata mai gasa masara ce ta riƙe hannunka kamar ɗan yaye."

Baballe ya sha ruwa, ya daɗe bai sauke kwanon ba. "Baƙo ko da ido makaho ne. Kuma matar ta yaba da ni. Da na ƙara kwana da an ɗaura."

"Allah ya tsare ta. Ina yajina?"

"Na ci rabi da masara."

Indo ta ajiye wuƙar. Ta goge hannunta da zani, ba ta dube shi ba. "Baballe, bar wasa. Ka ga Baraka da idonka?"

"Na gan ta. Wajen masu waya a ƙarƙashin lema na je, aka bugo wa mijin, ya zo ya ɗauke ni a babur. Tana tafiya da ƙafarta, ita ta dafa mini shinkafa. Ta rame kaɗan, amma tana cin abinci, maƙwabta kuma suna dafa mata ruwan wanka."

Indo ta ce, "Alhamdulillahi." Ta sake ɗaukar wuƙar. "Jaririyar fa?"

"Nan ne abin tausayin. Babu haƙori ko ɗaya, ga kai kwal, ga faɗa ba dalili. Ina ganinta na ce na san wannan tsohuwar."

Ya zura hannu a aljihun 'yar shara ya fito da hoto a cikin leda. "A'ishatu aka sa mata. Indo suke kiranta."

Ta karɓa da gefen zani don kada ruwan tumatir ya taɓa shi. Ta kai shi kusa da ido, ta nesanta, ta sake matso da shi. Sai dariya ta ƙwace mata.

"Hancin kam nawa ne. Je ka, na 'yanta ka na yau. Shiga ciki a zuba maka tuwo."

"Da nama?"

"Wanda aka riƙe wa hannu a titi, romo ya ishe shi."