Ruwan Zafin da Na Sa Aka Dafa wa Sale

Tun damina nake dukan buhun dawa, ina koyon jera naushi ba tsayawa: hagu, dama, hagu. Damuwata ɗaya, kada in illata ɗan mutane. Har na sa matata Hajo ta dafa ruwan gashi don abokin karawata.

Ranar damben kaka a ƙauyenmu, kusa da Abu Hujar a Sudan, aka haɗa ni da Sale, ɗan kawuna. Naushina na farko ya same shi a hanci. Maimakon in bi da dama, sai na sauke hannu ina ba shi haƙuri.

"Malesh, taubashi, na ji maka ciwo?"

Amsarsa ce ta shimfiɗe ni. Ni aka gasa wa muƙamuƙi.

Har yau, ko sauro Hajo ta make, sai ta ce masa, "Malesh, taubashi, na ji maka ciwo?"