Akwatin Mai Girma da Kunyar Aisatu

Jama'a, ku taya ni murna, na shiga duniya. Jiya da hantsi ina tsaye a layin gidan mai da galan a hannu, rana na gasa mini ƙeya, amma sai murmushi nake rabawa, har ɗan acaɓan da ya taka mini ƙafa na ce ya gaida gida. Mutumin da ke da intanet a cikin talabijin ɗinsa ba ya faɗa a layi. Da na kai bakin famfo aka ce mai ya ƙare. Na yi godiya, na tsallaka titi na saya a wajen 'yan bumburutu, bayin Allah da nasu ba ya taɓa ƙarewa.

Ga yadda aka yi. Makon jiya Mai Girma Babban Mai Tausayin Talakawa, Allah ya ƙara wa rawaninsa tsawo, ya shigo Mubi da jerin motoci masu baƙin gilashi, ya raba mana sabuwar dikoda. Kun san akwatin nan da ake jona wa talabijin, to wannan har da intanet a cikinta. An kafa rumfa, an kawo makaɗa, an ɗaura wa kwali jan ƙyalle ya yanka da almakashi. Ya ce daga yau talaka zai zaga duniya yana zaune a kan tabarmarsa. Na yi tafi har hannuna ya yi zafi. Gaskiya ne rabonmu da wuta tun kafin azumi, famfon unguwarmu kuma ƙadangaru ne ke haya a ciki, amma yanzu duk mai jin ƙishirwa zai iya kiran hoton ruwa ya kalla, kala-kala.

Yawancin kwalayen sun koma bayan motocin da suka kawo su, ina jin don a kai su wani gari a sake yanka musu ƙyalle. Ɗaya ta tsira ta iso layinmu, ta faɗo gidana saboda ni ke da talabijin, maƙwabcina Zacharia, mai gyaran babur ɗan Vimtim, shi ke da janareta.

Ta kuwa zo a kan gaɓa. 'Yarmu ta fari, Habibat (rubutawa na yi, ban faɗa da baki ba), ta haihu a Ilorin inda take aure, an sami namiji. Uwarta Aisatu Bafulatana ce ta ainihi. Tun da ta haifi yarinyar nan ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa kallonta ido da ido a gaban mutane ba, sai dai ta ce "waccan". Amma tun da labarin haihuwa ya zo barcinta ya ragu. Ta haɗa jaka da yajin jego da kanwa, ta ce mini wai za ta je duba wata 'yar uwa a Ilorin. Ba mu da kowa a Ilorin sai mutum ɗaya.

Ni kuwa giyar akwati na ɗibana. Na ce, "Hajiya, kwance jakar nan. Da wannan gwiwar taki za ki kwana a mota kina faɗawa ramuka? Surukinmu Abdullateef zai ɗora bidiyon suna a intanet, ki ga jikanki a falo, kansa kamar kwarya."

Elizabet, matar Zacharia, ta ce, "Baba, ai sai ya turo wa wayana ma. Maman ya zo ya gani a nan, ba wahala."

Na ce jikana ba zai shigo gidana ta wayar da ba ta kai tafin hannu ba, gilashinta ma a tsage. Aisatu ta kwance jaka. An yi suna ba ita.

Man da na sha rana a kansa na wannan taron ne. Bayan la'asar aka tayar da janareta, kuma a Mubi ƙarar janareta gayyata ce. Kafin in gama jona wayoyi falo ya cika. Mai shayi ya rufe teburinsa ya zo, tela ya zo da awo a wuya, matan layi sun jeru a bango, har wani baƙo daga Maiha da ya zo tambayar hanya ya sami kujera. Aisatu ta ci kwalliya ta zauna a gefe kusa da ƙofa, tana ta gyara gyale.

Masanan da suka ƙera akwatin, Allah ya saka musu, ba su ga amfanin haɗo ta da abin rubutu ba. Da rimot ake bin haruffa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Elizabet na karanto adireshin bidiyon daga wayarta, ina dannawa, jama'a na ba ni hanya.

"Hagu, Malam, hagu."

"Ka wuce shi, dawo baya."

"Wannan ba shi ba ne, ƙaninsa ne," in ji tela.

Da na gama sai wani ɗan zobe ya fito yana juyawa a tsakiyar allo. Ya juya har muka fara son sa. Zacharia ya ce sabis ɗin a kan dutse yake, ya ɗauki akwatin ya ɗaga ta taga yana fuskantar tsauni, ya ce, "Kowa ya yi shiru, yana zuwa." Muka yi tsit, sai ka ce sabis zai ji hayaniya ya koma.

Sai ga ta. Fuskar Habibat ta cika talabijin tun daga wannan kusurwa har waccan, tana dariya, tana kallon cikin falona kai tsaye, ta ce, "Inna, ina gaisuwa. Bari ki ga angonki."

Falo ya kaure da guɗa. Ni ma ya kamata in sunkuyar da kai, amma mai riƙe da rimot yana bakin aiki. Ina cikin washe baki na ji Aisatu ta ce a hankali, "Na bar tukunya a wuta." Ta ja gyale ta rufe fuska ta fita. Babu wata tukunya a wuta. A lokacin kuma ba a kai ga ɗago jaririn ba.

Kowa ya gan shi. Mai shayi ya ce goshin uban ne, matan layi suka ce hancina ne, baƙon Maiha ya rantse ya taɓa ganin mai irin kunnen. Aka sa na maimaita, na sake maimaitawa. A nan ne abin ya faɗo mini: na hana mace tafiya, na tara mata gari, na manna mata 'yar fari a bango. Na so in sallami mutane, amma wa ke korar baƙo a garin nan? Sai da suka ƙoshi, suka nemi a duba musu ƙwallo, suka watse. Na buɗe baki zan kira Aisatu ke nan janareta ya yi tari ya mutu. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma duk iya dubawata ban ga wani Mai Girma a kusa da zan ɗora wa laifin ba.

Na nufi madafa da ban haƙuri a bakina, sai na tsaya a bakin ƙofa. Elizabet na zaune ta juya baya tana ɓarar gyaɗa, kamar ba ta san da kowa ba. Aisatu na kan kujerar tsugunno da tsagaggiyar wayar nan a cikin gyalenta, tana raɗa, "Kai wannan miji nawa, hancin kakanka ka kwaso? Ka yi asara." Ta sa babban yatsa ta rufe fuskar uwar, jaririn kawai take kallo. Can sai na ga yatsan ya zame. Ba ta mayar da shi ba. Na koma da baya a hankali, takalmina a hannu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna godiya da duniya, ta iso lafiya. In za a sake rabo, a taimaka a haɗo mana akwatin da labule. In kuma labule ya fi ƙarfin gwamnati, a ɗan cike ramukan hanya, don Aisatu ta sake ɗaure jaka, motar safe za ta shiga. Wai za ta je duba wata 'yar uwa.