Ƙafafun Surukina Sun Shiga Jami'a

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da za a kwance kaina a wanke ƙwaƙwalwar da sabulu a shanya, da ranar da na nuna wa jami'a guda kaushin ƙafar surukina.

Ni mushen lakwal ne a Mayahi, wato malamin makaranta, alli ya cinye mini huhu tun ina da gashi. Da furfura ta fara leƙowa sai na yi rajistar karatun jami'a daga nesa, fannin haɗa bidiyo don intanet. Rediyon garinmu na neman wanda zai riƙe mata shafi, an ce mai diplom kawai za a ɗauka, ni kuwa na rantse sai na rabu da allo kafin allo ya binne ni. (Kafin in iya kunna kamara na riga na gaya wa rabin kasuwa su dinga ce mini reyalizater, wato mai shirya fim.)

Jarrabawar ƙarshen shekara ita ce ɗauka ɗaya, ba yanka, ba gyara. Malamarmu, wata Madam mai tabarau, ta nanata mana: "Kamara daidai idon mutum. Ku dube shi ido cikin ido." Na ce wannan ai wasan yara ne. Na zaɓi ɗora jinkar rumbu a Attantane bayan an gama ɗaurin hatsi, aikin da ake yi sau ɗaya a shekara. Mai jagorantar aikin kuwa, wanda zai yi bayani, shi ne baban uwar yarana.

Abin da Madam ba ta sani ba, tun da na auri ɗiyar dattijon nan ban taɓa ganin tsakiyar idonsa ba. In za a kashe ni ba zan iya faɗa muku ko yana da gira ba.

Na isa da wayar salula a hannu ina taƙama. Surukina na fitowa na cire takalmi, na durƙusa, na danna jan maɓallin ɗauka.

"Baba, ina wuni? Ina gajiya?"

"Lahiya lau, Mushe. Tashi mana ka yi aikinka."

Na tashi, amma wuyana ya ƙi tashi. Ya yi ta bayani mai daɗi, yadda ake zaɓen kara, yadda ake kare rumbu daga gara. Majiya ƙarfi suka ɗaga jinka da kabbara, mata na guɗa. Ni dai "Na'am, Baba, haka ne, Baba," idona a ƙasa. Ashe inda idona ya tafi, hannuna can ya bi shi.

Na duba abin da na ɗauka? Ina! Ƙwararre ne zai tsaya duba aikinsa? Na hau tudun da ake samun rezon intanet na tura.

Ranar da za a kalli ayyukanmu kai tsaye, na gayyato surukina har Mayahi, na jona salula da babbar tele, uwar yara ta dama fura, maƙwabta suka cika tsakar gida. Madam ta kira sunana ta saki bidiyon.

Ƙafafu. Jama'a, ƙafafu! Yatsu goma, faso kamar bakin rijiya, silifa ɗaya an ɗaure ta da waya. Muryar Baba na sauka daga sama kamar ta mai wa'azi a lasifika. Da aka zo ɗaga jinka, ana jin kabbara da guɗa, a tele kuwa wata kaza ce ta ratsa ta tsinci ƙwayar hatsi ta wuce. Rumbu bai fito ba ko da inuwarsa.

Ɗalibai daga Yamai har Damagaram suka bushe da dariya, wani ma ya faɗo daga kujera muna ganinsa. Madam ta cire tabarau.

"Mushe, ina fuskar mutumin?"

"Madam, surukina ne."

"To, sai me?"

Sai me! Ga shi zaune a bayana a kan tabarma, ta yaya zan amsa? Na sunkuyar da kai, wato na sake yin abin da ya kashe ni.

Can Baba ya gyara murya. "Mushe, duk ƙasar nan an ga takalmin nan?"

"An gani, Baba."

"Da ka hwaɗa mini, ai da na sanyo na Juma'a."

Na faɗi jarrabawa. Aikin rediyo wani yaro da na koya wa abacada ya samu. Jinka kuwa sai baɗi, in muna da rai, in damina ta yi kyau. Na koma ga allina, ƴan ajina suna ganina sai su ɓoye ƙafafunsu ƙarƙashin tebur. Uwar yara ta ce a dangi an yaba da tarbiyyata ƙwarai, sai dai ba a ba da diplom a kanta.

Bana na maimaita aji, kuma abin da na fara saya shi ne ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kamara. Zan kafa shi daidai idon Baba, ni in koma gefe in durƙusa abina. Shi ƙarfe ba ya auren ɗiyar kowa.