Ranar da Na Roƙi Turken Rumfa Gafara

Abin da ba zan taɓa mantawa ba ya same ni a shekarar da aka rufe iyaka da Najeriya.

Ina yaro idona na hagu yana leƙen hanci, aka yi mini aiki ya miƙe. Da girma ya zo sai ya zarce waje, yana leƙen kunne. Ina magana da mutum, na gefensa ke amsawa. Na daure shekaru, sannan na tafi Maraɗi aka sake aikin, aka jawo shi tsakiya, alhamdu lillahi.

Lokotoro ya ce, "Malam, za ka yi kwanaki kana ganin abu biyu-biyu. Zauna gida." Na rubuta maganarsa da ajami a bayan takardar magani, na ninke, na saɓa mata.

Dalili kuwa, taubashina Illo zai aurar da ɗiyarsa a Kanan-Bakashe. Shekara ukku ba ma gaisawa, tun da na kira shi azzalumi kan iyakar gona, alhali ni ne da laifi. Na ƙudurta in ba ranar ba, zumuncin ya mutu. (Akwai kuma son a ga sabon ido, Allah Ya yafe mini.)

Ana shafa fatiha na cire baƙin tabarau. Sai ga Illo biyu a bakin rumfa, kowanne da farar riga. Na yi bisimilla na zaɓi na dama. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, na jawo aya kan zumunci, na amsa laifina dalla-dalla. Na miƙa hannu biyu in kama nasa, na ji icce. Turken rumfa na rungume, gaban mutanen gari biyu.

Can daga hagu na ji Illo ya ce, "Bawana, turken ya ce bai yafe ba. Maimaita mini nan in ji."

Dariya ta ɓarke har liman na share hawaye. Na juya na maimaita, ido ɗaya a rufe. Ya ɗaga ni ya ce, "Na yafe. Wallahi idon ya yi kyau, saura hankalin."

Bayan sati ukku gani ya daidaita. Yau in lokotoro ya ce zauna, ina zama. In kuwa zan roƙi gafara, sai na fara lalubawa.